Katin Gaisuwa: Sana'ar da Ta Bunƙasa Daga Kwalin Takalmi

Zainab: Assalamu alaikum masu sauraro. Yau Kawu Bala ya shigo mana da wani tsohon kati a aljihu, duk ya koɗe. Kawu, na mene ne?

Kawu Bala: Na barka da Sallah ne, 'yata. Abokina ya aiko min ta gidan waya muna makarantar kwana. Duba, ƙyalƙyalin jikinsa har yau yana manne wa a yatsa.

Nura: Mu katin fatan nasara muka tarar, kafin jarrabawar WAEC. Wanda idan ka buɗe sai ya kama kiɗa.

Zainab: Wadda ba ta samu ko ɗaya ba kuwa, ranar sai kuka a ɗakin kwana! To Kawu, wa ya fara mayar da gaisuwa haja?

Kawu Bala: Wani Bature ne a Landan, Henry Cole, a 1843. Ya sa mai zane John Horsley ya zana masa katin Kirsimeti, aka buga guda 1,000. Lokacin gidan waya ya yi arha, tun 1840 kwabo ɗaya ake aika wasiƙa. Shi kuwa katin sule guda.

Nura: Kai! Ya ninka kuɗin aikawa sau 12 ke nan.

Kawu Bala: Ai ba na talaka ba ne. Kuma ya jawo surutu, don zanen ya nuna iyali suna shan giya, har da yaro.

Nura: Ni labarin Amurka ya fi burge ni, Kawu. Joyce Hall yana ɗan shekara 18 ya sauka Kansas City a 1910, jarinsa kwalin takalmi biyu cike da katuna. A 1915 gobara ta cinye shagonsu ƙurmus, shi da ɗan'uwansa suka ci bashi suka sake tashi. Kamfanin Hallmark ke nan.

Zainab: Yaya Nura, ka manta da takardar naɗe kyauta.

Nura: Ina sane! A 1917 takardar da suka saba sayarwa ta ƙare ana tsakiyar ciniki, sai suka fito da wata mai ado daga Faransa, wadda ake liƙawa a cikin ambulan. Nan da nan aka wawashe.

Kawu Bala: Amma akwai wata dabarar ma da ta kawo musu kuɗi. Da can a durowa ake ajiye kati, sai ka tambayi mai shago ya zaro maka. Suka fito da shi kan kanta a jere, kowa ya ɗauka ya karanta. Wanda ya shigo sayen ɗaya sai ya fita da uku.

Zainab: To na ji wasu manyan shagunan kati sun karye, me ya karya su? Waya?

Kawu Bala: Ba ita kaɗai ba. A Ingila, kamfanin shagunan kati na Clinton Cards da aka kafa a 1968 ya durƙushe a 2012. Kuɗin haya ya yi masa nauyi, ga abokin gogayyarsa Card Factory a gefe yana buga nasa katin da kansa yana karya farashi.

Nura: Kawu, bana kati nawa ka samu da Sallah?

Kawu Bala: Hoton rago ɗaya aka turo min ta WhatsApp, daga mutum tara. Miƙo min katina, Zainab, kada ki lanƙwasa shi.