Kujerar Babban Joji: Gwamna Ne Ke Zaɓa Ko NJC?

Maryam: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ba za mu ja gabatarwa ba, domin saƙonnin da kuka yi ta turo mana tun makon jiya kusan duk a kan abu ɗaya ne: in babban jojin jiha ya yi ritaya, wa zai gaje shi, kuma wa ke da ta cewa. Barista Kabiru na nan, Malam Isa ma na nan. Barista, tun kafin mu fara ɗauka na ga ka buɗe kundin tsarin mulki.

Kabiru: Dole ne, Hajiya Maryam, don mutane suna ta musu ba su karanta ba. Sashe na 271 ne. Gwamna ne ke naɗa babban joji, amma bisa shawarar NJC, wato hukumar ƙoli mai kula da alƙalai ta ƙasa, sannan majalisar dokokin jiha ta tabbatar. Hannu uku ke nan. To inda rigimar take ba a nan ba ne, a ƙasa ne kaɗan. In kujera ta zama babu kowa, kafin a yi naɗin dindindin, gwamna zai ɗora alƙalin da ya fi kowa daɗewa a babbar kotun jihar ya riƙe. Wata uku. In ya cika, sai da amincewar NJC za a sabunta masa. Wannan riƙon ƙwaryar shi ne makamin gwamnoni, ni dai a nan na tsaya.

Isa: Makami kuma?

Kabiru: Makami mana, Malam. Mutumin da ke jiran a sabunta masa wa'adi duk bayan wata uku, kuma ya san sunansa ba zai je majalisa ba sai gwamna ya aika, ta yaya zai yanke hukuncin da zai ɓata wa gwamnati rai? Ko da mutumin kirki ne, an sa shi a tsaka mai wuya. In ma bai karkata ba, jama'a za su ce ya karkata.

Maryam: Wani mai sauraro ya tambaya, wai me ke cikin kujerar da har gwamna zai tsaya kai da fata a kanta? Ba alƙali ba ne kamar sauran?

Kabiru: A'a. Shi ke raba wa alƙalai shari'o'i, ya ce wannan ƙara ta je kotu kaza. Wanda ya san kotu ya san wannan kaɗai ya isa. Shi ke shugabantar hukumar kula da harkokin shari'a ta jiha, wadda ke ɗaukar majistare da ƙara musu girma, ita ce kuma ke fara tsara sunayen waɗanda za a ba alƙalancin babbar kotu. Sannan babbar magana, sashe na 188. In majalisa ta tashi tsige gwamna ko mataimakinsa, babban joji ne ke kafa kwamitin mutum 7 da zai yi bincike. In kwamitin ya ce ba a tabbatar da zargi ba, magana ta mutu a nan. To ki gaya mini gwamnan da zai so wannan alƙalami a hannun wanda bai yarda da shi ba.

Isa: Shi ya sa na Ribas ya yi zafi.

Kabiru: Yauwa, ka kawo ni inda nake so. 2013, babban jojin jihar, Mai Shari'a Iche Ndu, ya yi ritaya. NJC ta ce Daisy Okocha, ita ce ta fi daɗewa a babbar kotu. Gwamnan lokacin, Amaechi, ya ce sam, shi Peter Agumagu yake so, wanda a lokacin yake shugaban kotun ɗaukaka ƙara ta al'ada. Hujjarsu ita ce ai Agumagu ya riga ta zama alƙali. A 2014 Amaechi ya rantsar da shi, NJC a ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Najeriya ta lokacin, Aloma Mukhtar, ta dakatar da shi. Ma'aikatan kotu suka shiga yajin aiki, aka garƙame kotunan jihar daga tsakiyar 2014 har cikin farkon 2015. Ku yi tunanin wanda ke gidan yari yana jiran beli a wannan tsakanin. Ba shi a jam'iyyar kowa, bai san Amaechi ba, bai san Okocha ba, amma shi ya biya kuɗin rigimar da watannin rayuwarsa. Sai da Wike ya hau gwamna a 2015 aka rantsar da Okocha.

Maryam: Barista, tsaya nan, akwai abin da nake so in faɗa kafin ka wuce. Daisy Okocha a Ribas. Akon Ikpeme a Kuros Riba. Beatrice Iliya a Gombe. Asabe Karatu a Kebbi. Ba ka lura da komai ba?

Kabiru: Duk mata ne.

Maryam: Duk mata ne, kuma duk su ne a kan gaba a layi, amma aka ƙi ba su kujerar kai tsaye. Ta Kuros Riba ma ta fi ci mini rai. A 2020 majalisar jihar ta ƙi tabbatar da ita, wai asalinta Akwa Ibom ne, aure ne ya kawo ta, har ana cewa barazana ce ga tsaro. Matar da ta ƙarar da ƙuruciyarta tana yi wa jihar aiki. Akwa Ibom ɗin ma ai daga jikin Kuros Riba aka yanke ta a 1987. Sai a farkon 2021 aka tabbatar da ita, bayan an sha surutu. Mace in ta yi aure a wata jiha, can a ce ba 'yar nan ba ce, gida kuma a ce ai ta tafi. To ina ne nata?

Isa: Wannan gaskiya ne, Hajiya. Amma mu yi adalci, Kano ta ba Dije Aboki a 2023, mace ta farko da aka tabbatar a kujerar.

Maryam: Na sani, kuma na yaba. Shi ya nuna ana iyawa in an so.

Kabiru: Na Kebbi kuma a yi hattara da shi, don kowane ɓangare da abin da ya ce. Ita Mai Shari'a Karatu ta kai kuka cewa addininta ne ya sa aka ƙi tabbatar da ita. Majalisa kuma ta ce matsala ta gani a takardunta. Ni abin da ya dame ni shi ne, ba a yi abin a fili ba yadda kowa zai ga hujja ya gamsu. In aka yi a ɓoye, kowa sai ya cike gurbin da zarginsa, daga nan magana ta koma masallaci da coci.

Isa: To ni yanzu bari in ɗan saɓa maka, Barista. Kana magana kamar NJC tsarkakakkiya ce, gwamnoni ne kawai masu laifi. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Na farko, nuna mini inda kundin ya ce naɗin dindindin dole sai wanda ya fi daɗewa.

Kabiru: Bai ce ba. A riƙon ƙwarya kawai ya ce. Sharaɗin dindindin shi ne mutum ya shekara 10 da zama lauya.

Isa: Madalla. Ke nan al'ada ce. Taslim Elias ai daga kujerar ministan shari'a ya zama Alƙalin Alƙalan Najeriya a 1972, bai bi layi ba, kuma daga baya har kotun duniya da ke Hague ya shugabanta. Daɗewa ba ita ce cancanta ba. Na biyu, su wa ke cikin NJC? Alƙalin Alƙalai ne shugaba, kuma shi ke zaɓo mafi yawan mambobin. Ba ni na faɗa ba, Musa Dattijo Muhammad ne ya yi wannan ƙorafi a taron bankwanarsa da Kotun Ƙoli a Oktoban 2023, cewa iko ya taru da yawa a hannun mutum ɗaya. Gwamna ko ba komai jama'a ne suka zaɓe shi, kuma za su iya kayar da shi. NJC wa ya zaɓe ta?

Kabiru: Na yarda da rabin maganarka. Layi ba ya tabbatar da cancanta, wannan haka yake. Amma layi yana da amfani guda da babu abin da ya kai shi: alƙali ya san ba sai ya yi wa kowa fadanci ba kafin lokacinsa ya zo. Ranar da ka ce gwamna ya duba ya zaɓi wanda ya fi cancanta, ranar duk alƙalin da ke na biyu da na uku da na huɗu zai fara neman hanyar gidan gwamnati. Ka dubi Imo a 2025. Gwamna Uzodinma ya tsallake mutum uku ya ɗora na huɗu, Theophilus Nzeukwu, a matsayin riƙo, inda kundin ya faɗa ƙarara cewa na ɗaya ne. NJC ta ce a warware.

Maryam: Imo ɗin nan ba a kan shekarun haihuwa aka cire wadda ke kai ba?

Kabiru: Shi ne. A ƙarshen 2024 NJC ta ba da shawarar a yi mata ritayar dole saboda an samu saɓani a ranar haihuwarta.

Isa: Kai, wannan ciwon ai ba na alƙalai kaɗai ba ne. Ku shiga kowace ma'aikata ku buɗe fayil, rabin mutane ranar 1 ga Janairu aka haife su.

Maryam: (dariya) Wallahi Malam! Kamar a ranar ce kawai unguwarzoma ke aiki.

Isa: Akwai wani da muka yi aiki tare, ba zan kama suna ba. Furfura har a gira, jikokinsa na sakandare, amma a takarda saura shekara tara ya yi ritaya. Ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya ya riga shi ritaya, shi ya je ya yi jawabi a walimar.

Kabiru: A matsayin wa ko ƙane?

Isa: A gida Yaya, a ofis ƙane!

Maryam: Irin na 'yan ƙwallo ke nan, ɗan ƙasa da shekara 17 mai 'ya'ya uku.

Isa: To shi namu ya fi su, don in ana hirar yaƙin basasa sai ya manta ya ce ai yana aji uku aka fara, alhali takardarsa ta ce ba a haife shi ba tukuna. Sai kowa ya yi shiru ana kallon rufi.

Kabiru: Kuma ka san wasu ba da gangan ba ne. Tsoho a ƙauye aka tambaya, ya ce shekarar fari ce, ko shekarar da aka yi sabon sarki, malamin makaranta ya ƙiyasta ya rubuta.

Isa: Wannan daban. Wanda ya je kotu ya yi rantsuwa sau biyu da ranaku biyu fa?

Maryam: Wannan kam ya san abin da yake yi. To mu dawo, don lokaci na gudu.

Kabiru: Ai ba mu yi nisa ba, don shekarun ne ke buɗe kujerar. Da alƙalin babbar kotu a 65 yake sauka, na Kotun Ƙoli da na ɗaukaka ƙara a 70. A Yunin 2023 Tinubu ya sa hannu aka mayar da kowa 70. Ke nan ranar da kowane babban joji zai sauka sananniya ce tun shekaru kafin ta zo. To me ya hana a fara shirin magaji wata shida kafin ranar? Hukumar jiha ta tura sunaye, NJC ta tantance, majalisa ta zauna, ranar da wannan ya sauka washegari wancan ya yi rantsuwa. Babu riƙo, babu sabuntawa. Duk inda kuka ga an bari sai kujera ta zama wayam sannan aka fara neman fayil, to da gangan ne. Ko a tarayya mun gani. Mahmud Mohammed ya sauka daga kujerar Alƙalin Alƙalai a Nuwamban 2016, Onnoghen ya yi ta riƙo, sai a Fabrairun 2017, wa'adin na dab da ƙarewa, Osinbajo yana muƙaddashin shugaban ƙasa ya aika sunansa majalisar dattawa. Wata ukun nan ƙasar nan ta cika da zargi, 'yan kudu na cewa don nasu ne, tunda rabon da ɗan kudu ya hau kujerar tun Ayo Irikefe a 1987. Da an aika da wuri, da duk wannan bai taso ba.

Isa: Amma ba ka amsa mini batun NJC ba.

Kabiru: Zan amsa. A rage wa Alƙalin Alƙalai ikon zaɓen mambobi, a riƙa buga sunayen waɗanda ake dubawa don duk mai ƙorafi ya kawo da hujja, in kuma za a tsallake wanda ke gaba a rubuta dalili, shi ma a ba shi dama ya...

Maryam: Barista, yi haƙuri, ana yi mini alama lokaci ya ƙare. Mun yi niyyar karanta saƙonninku mu kuma shiga batun naɗin Girandi Kadi, don da yawa kun tambaya ko tsarin ɗaya ne.

Kabiru: Kusan ɗaya ne, shi ma sai NJC da majalisa.

Maryam: To sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Malam Isa, ka zo mana da amsar da za ka ba Barista.

Isa: In sha Allahu, ai ban gama da shi ba.

Maryam: Mu kwana lafiya.