Ƙarin fata mai kama da tabo: yadda ake ɗaukar samfuri a gano asalinsa

Assalamu alaikum 'yan uwa ma'aikatan lafiya, barkanmu da war haka daga nan Gusau. Sista, ɗan matso da fitilar nan. Yauwa.

Ku dubi hoton nan. Ƙari ne a kafaɗa, mai tauri, ya yi ƙulu-ƙulu, shekaru yana girma a hankali kuma ba ya ciwo. Da yawanku za ku ce kiloyid ne, tabon nan mai tasowa, ku ɗauko allura ku fara tsirawa. Ku dakata. Ku tambayi mai shi: an taɓa yi maka tsaga a wurin, ko ƙuna, ko wanzami ya yi ƙaho? In ya ce babu, to ku kawo wata cuta a ranku, wani nau'in kansar fata mai suna dermatofibrosarcoma protuberans, wadda muke kira DFSP a taƙaice. Likitoci biyu a Faransa, Darier da Ferrand, suka yi bayaninta a 1924, kuma an fi ganinta a baƙar fata.

Kowane ƙari yana da ƙwayar halittar da ya fito daga gare ta. Melanoma, wadda mu nan muka fi gani a tafin ƙafa, daga ƙwayoyin da ke ba fata launi take. Kaposi, da kuka saba gani ga masu cuta mai karya garkuwar jiki, daga ƙwayoyin da ke shimfiɗe a cikin jijiyoyin jini take, kuma ƙwayar cutar HHV-8 ke haddasa ta. Ita DFSP a tsakiyar fata take farawa, daga ƙwayoyin da ke saƙa zaren da ke riƙe fata. A cikin kuromosom, wato zaren da ke ɗauke da bayanan gado a cikin ƙwayar halitta, wani yanki na mai lamba 17 ne ke haɗewa da na 22, sai ƙwayar ta dinga ba kanta umarnin hayayyafa. Ba ta cika yaɗuwa zuwa wasu sassan jiki ba, amma wajen dawowa bayan an yanke, ba a magana.

To mu zo ga aikin. Wanke wuri da kashe zafi kun iya, ba zan tsaya nan ba. Sista, ba ni reza mai lamba 11... a'a, 15, ita ta fi zama a hannu wajen wannan yanka. Wasu suna son ɗan bututun nan mai huda fata, ni kam ga irin wannan ƙari ba na yarda da shi, don sau da yawa sama-sama yake ɗebowa.

Nan ne nake so ku natsu. Ku yanka har sai kun ga kitse, rawaya, kuma ku haɗo da shi. Ba ƙyalla ido kawai za ku yi ku gan shi ba, ya biyo cikin abin da kuka ciro. Dalili kuwa, a madubin likita saman wannan ƙari yana iya kama da wani ƙaramin ƙari marar illa, ƙwayoyi sirara suna ta kewaya juna. Abin da ke tona masa asiri yana can ƙasa, inda yake kutsawa tsakanin ƙwayoyin kitse yana kewaye su ɗaya bayan ɗaya kamar saƙar zuma. In ba kitse a samfurin, likitan da ke duba naman a madubi zai rubuto muku cewa bai isa a yanke hukunci ba, mara lafiya kuma ya riga ya koma Anka ko Shinkafi da kuɗin motar da ya ranto. Wallahi abin yana ci min rai. Kuma kada ku matse naman da hantsaki, a gefe za ku kama shi, a hankali, matsewa tana murƙushe ƙwayoyin.

Sai kwalba. Fomalin, ruwan da ke hana nama ruɓewa, mai kashi 10 cikin 100, yawansa ya ninka naman sau goma, nan take, ba bayan kun idar da sallar azahar ba. Ban da ruwan gishiri, ban da sifirit. Zafinmu na watan Afrilu ba ya jira, nama ruɓewa yake. Ni kwalba mai faɗin baki nake so, don nama yana taurara a ciki, sai ya ƙi fitowa. A takarda ku rubuta wurin da yake a jiki, girmansa, tsawon lokacinsa, da ko an taɓa yanke shi.

A ɗakin gwaji akwai rinin da ake kira CD34, DFSP tana kama shi sosai. Amma Kaposi ma tana kamawa, shi ya sa bayanin da kuka rubuta yake da amfani, in an yi shakka a ƙara da rinin HHV-8. In babu rinin a kusa, naman da ɗakin gwaji ya daskarar a cikin kaki ana iya aika shi Sakkwato ko Zariya, ba sai an sake yanka mutum ba.

In sakamako ya tabbatar, kada ku ce za ku ƙwaƙule shi a ƙaramin asibiti. Ana cire shi ne da faɗi, a haɗa da lafiyayyar fata kamar santimita 2 zuwa 3 ta kowane gefe, aikin likitan tiyata ne, ku tura.

 Sista, rufe kwalbar nan, a manna mata suna kafin a kira na gaba.