Baƙin da ke zuwa mana da hunturu: laccar kallon ƙananan tsuntsaye

Toh jama'a, na baya kuna ji na? Yauwa. Abu uku zan yi magana a kai, nauyin tsuntsun, hanyar da yake bi, sai yadda ake ɗaukarsa hoto.

Nauyi tukuna. Akwai wani ɗan tsuntsu da Turawa ke kira wilo wobla, giram 8 zuwa 10 ne nauyinsa, wato ɗunƙulen magi biyu, ka ɗora a tafin hannunka ka ji. Magi biyu fa! Shi ne yake tasowa daga arewacin Turai ya keto hamadar Sahara ya zo ya yi hunturu a nan Afirka, kuma da dare yake yawancin tafiyar. Da me yake tafiya? Da kitse. Kafin ya tashi ci yake yi ba ƙaƙƙautawa, wasu irinsu har sai nauyinsu ya kusa ninkawa, kitsen nan shi ne man tankinsa, kuma in ya ƙone ruwa ma yana fita daga cikinsa. Can Malamfatori bakin tafkin Chadi, tun shekarun 1960 masu bincike suka riƙa kama su da raga suna aunawa, suka ga wani tsuntsu mai farin maƙogwaro da 'ya'yan itacen asuwaki yake ƙiba kafin ya koma gida. Asuwakin nan dai da muke goge baki da shi, shi ne guzurinsa. Kuma da ruwan sama ya gaza a yankinmu na Sahel a 1968, da shekara ta zagayo, a 1969, 'yan kallon tsuntsu a Ingila suka ga yawancin masu farin maƙogwaron nan ba su dawo ba. Fari a nan, shiru a can. Wallahi duk sanda na zo nan wurin sai jikina ya yi sanyi, saboda in ka sare bishiya a fadamarku, ka taɓa abincin wanda tafiyar dubban kilomita ke gabansa.

Na biyu, a'a hanyar ma ai na riga na faɗe ta. Hoto. Fita bayan asuba, daga Oktoba zuwa Maris, rana ta kasance a bayanka, ban da farar riga, ka zauna ka yi shiru. Fadamar Haɗeja da Nguru ta ishe ka, ka duba ƙafafun shanu za ka ga wani mai rawayan ciki yana kaɗa jela, shi ma baƙo ne. In ba ka da babbar kyamara manna wayarka a bakin madubin hangen nesa.

Na'am ɗana, ɗaga murya. Ya ce yara sun harbo wani da danƙo, da zobe a ƙafarsa, mutane na cewa asiri ne. Ba asiri ba ne, masu bincike ne suka sa, akwai lamba a jiki da adireshin cibiyar da ke kula da zoben. Kar a yar. Ka ɗauki hoton lambar ta fito sosai, ka rubuta ranar da garin, ka tura wa cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos. Zoben yana hannunka yanzu? Toh kawo shi nan gaba mu karanta tare.