Gwaggo, ba laifinki ba ne

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman mutanen Katsina ta Dikko ɗakin kara. Daga Mancesta nake muku magana, yanzu na fito daga ɗakin bincike. Ku yi haƙuri da ƙarar iskar nan, sanyi ya sauko.

Jiya da daddare ƙanwata ta kira ni daga Ƙofar Marusa, ta ce ciwon Gwaggo ya dawo. Shekara huɗu tana shan ƙwayar letrozole ba fashi, tun bayan aikin sankarar mama da aka yi mata, yanzu kuma hoto ya nuna ciwon ya kama ƙashin baya. Har an fara surutu a gida. Wasu sun ce jabun magani aka sayar mata, wasu sun ce hannu aka sa mata. Ita kuwa da ta karɓi wayar cewa ta yi, "Ɗan nan, ko ni na yi sakaci?" Wallahi ban runtsa ba.

Gwaggo, ba ke ba ce. Irin wannan sankarar da sinadarin jikin mata take rayuwa, wanda ake kira isturojin. A cikin ciwon akwai wani abu kamar kwaɗo, sinadarin kuma shi ne makullinsa, da ya buɗe sai ciwon ya yi ta tofowa. Aikin letrozole hana jiki ƙera makullin. To akwai ƙwayar halitta mai suna ESR1, ita ke ƙera kwaɗon. In an daɗe ana shan maganin, a jikin wasu matan sai ta sauya, ta riƙa ƙero kwaɗon da ke buɗe kansa ko babu makulli. A 2013 masu bincike suka nuna haka ga matan da ciwonsu ya bazu. Kuma a cikin ciwon sauyin ke faruwa, uwa ba ta gadar wa 'yarta shi.

Da gwajin jini ana iya gano wannan sauyin. Akwai allurar fulvestrant mai lalata kwaɗon kansa, kuma a 2023 Amurka ta amince da ƙwayar elacestrant domin masu wannan sauyin. Tsada dai akwai ta, wannan ke ci mini rai kullum.

Na ce wa ƙanwata ta haɗa takardun asibitin duka, har da kwalayen maganin, ranar Litinin su koma wurin likitan da ke duba ta. Ni ma zan kasance a kan waya, in sun shiga su kira ni.