Wa ya ba mai awon idonka izini?

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Na baya kuna jina? To madalla. An ce in yi magana kan lasisin masu awon ido a Najeriya: wa ke ba su izini, wa ke bin diddigin aikinsu, kuma idan an yi ɓarna ina ake kai kuka. Abu huɗu na shirya, in lokaci ya bari.

Na farko, mu raba mutanen. A wurinmu duk wanda ya haska maka tocila a ido sunansa likitan ido, alhali kashi-kashi ne, kowa da hukumarsa. Akwai likitan tiyatar ido, wanda ya gama karatun likita gaba ɗaya sannan ya ƙware a ido. Shi ne mai yin aiki, kuma rajistarsa tana hannun majalisar likitoci, MDCN. Akwai nas ɗin ido, su suna ƙarƙashin majalisar nas-nas da ungozoma. Akwai likitan awon ido, wanda yau maganarsa muke yi: yana auna gani, ya rubuta tabarau, ya leƙa cikin ido ya gano cuta, abin da ya fi ƙarfinsa ya tura gaba. Sai mai haɗa tabarau, wanda ke karɓar abin da aka rubuta ya yanka gilashi ya sa a firam. Waɗannan biyun na ƙarshe hukumarsu ɗaya ce, ODORBN, wadda aka kafa da dokar soja mai lamba 34 ta shekarar 1989, ƙarƙashin ma'aikatar lafiya ta tarayya.

Hanyar samun lasisin mai awon ido ba gajera ba ce. Shekara shida a jami'a, a fito da digirin OD. Jami'ar Benin ce ta fara koyar da fannin tun shekarun 1970, yanzu kuma ana yinsa a Jami'ar Bayero ta Kano da ta Ilorin, saboda haka matasan da ke nan ku ji, ba sai an tafi kudu ba. Bayan digiri sai shekara ɗaya ta koyon aiki a hannun wanda ya riga ka, sannan cikakkiyar rajista. Lasisin aikin kuwa duk shekara ake sabunta shi. Idan ka ga takarda a bango, duba shekarar da ke jiki.

Na biyu, rawar jiha. A Amurka kowace jiha ce ke ba da nata lasisin. Minnesota ta fara kafa dokar tun 1901, kuma har yau abin da mai awon ido zai iya yi ya bambanta daga jiha zuwa jiha. A Oklahoma an yarje masa wasu ayyukan hasken leza, a wasu jihohin ba a yarje ba. Mu namu ba haka yake ba. Tarayya ce ke ba mutum lasisi, yana aiki da shi daga Sakkwato har Kalaba. Jiha ita wurin take yi wa rajista, a Kano hukumar PHIMA, a Legas HEFAMAA. Takarda biyu ke nan, ta mutum da ta wuri. Ana iya samun wuri mai rajista amma wanda ke zaune a kujerar yaron shago ne, mai lasisin yana can wani gari. Don haka ka dubi sunan da ke takardar, ka tambayi wanda ke duba ka sunansa. Ba rashin kunya ba ne, haƙƙinka ne.

Yanzu wani zai ce, Malam, duk wannan wahala don tabarau? Ga shi can bakin masallaci a kan tabarma, ka ɗauka ka gwada, wanda ya buɗe maka rubutu ka biya. To ku tsaya in yi muku bayani, don nan ne zuciyar maganar.

Tabaran tabarma ba haramun ba ne. Mutum ya haura arba'in, rubutu ya fara gudu sai ya miƙa hannu da takarda, wasu ma har sai hannun ya ƙare rubutun bai fito ba. Kuna dariya, na ga masu yi a layin gaba. Wannan tsufan ido ne kawai, gilashi mai ƙarfin +1.00 yana gyara shi a farko, a hankali ya kai +2.50 wajen shekara sittin. Matsalar ita ce abin da mai tabarmar bai duba ba. Awon ido na gaskiya ga yadda yake. A tambaye ka ko kana da ciwon suga, ko hawan jini, ko wani ya makance a danginku. A zaunar da kai mita shida daga allon haruffa, a rufe ido ɗaya a auna ɗayan, kowane daban. Wanda bai yi boko ba akwai allo mai alama guda, yana nuna inda ta fuskanta da yatsa. Sannan a nemi ƙarfin gilashin. Sannan, kuma wannan shi ne ake tsallakewa, a auna matsin ruwan cikin ido, a leƙa jijiyar gani da ke can ƙurya.

Me ya sa? Saboda hawan jinin ido. Cikin ido akwai ruwa da ke ɓuɓɓugowa kullum yana fita ta wata 'yar magudana. Kamar kwatar unguwa ce, in ta toshe ruwa ya taru. Matsin da aka saba gani yana tsakanin 10 zuwa 21. In ya hau ya zauna a sama, sai ya riƙa cin jijiyar gani daga gefe. Ba zafi, ba ja, ba hawaye. Mutum yana karanta Alƙur'aninsa da tabaran tabarma lafiya lau, don tsakiyar ganinsa ce take ƙarshen tafiya, sai ranar da ya fara karo da ƙyaure. Abin da jijiya ta rasa kuwa ba ya dawowa, ba ɗigo, ba tiyata. Ku ji da kyau, ba ya dawowa. Kuma ana samun mai ciwon da matsin idonsa bai wuce 21 ba, shi ya sa awon matsi kaɗai bai isa ba, sai an ga jijiyar da ido. Binciken makanta na ƙasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ya samu kashi 4.2 cikin ɗari na 'yan shekara arba'in zuwa sama makafi ne. Yanar ido ce kan gaba da kashi 43 na makantar, hawan jinin ido na bi mata da wajen kashi 17. Ita yanar ana cire ta gani ya dawo. Shi kuwa sai dai a tare shi da wuri.

Bari in ƙara kan wannan, don iyaye mata suna nan. Yaro na fama da ƙaiƙayin ido, farin idon ya koma ruwan ƙasa, yana murza dare da rana. A je kemis a sayo maganin ɗigawa, kwana biyu ido ya washe, uwa ta ji daɗi, kwalba ta ƙare a sake sayowa, har shekara. Ku karanta jikin kwalin. In kun ga dexamethasone, ko betamethasone, ko prednisolone, wannan magani ne mai kyau a hannun wanda ke auna matsi yana kuma rage shi a hankali. Ba tare da awo ba, kusan mutum ɗaya cikin uku matsin idonsa yana hawa bayan 'yan makonni, yara ma sun fi saurin kamuwa, ga shi yana kawo yana. Haka lokacin girbi, ganyen dawa ko ƙaiƙayin gero ya karce baƙin ido, ƙwayar cuta ta shiga, a ɗiga irin wannan magani, ciwon ya lafa a sama yana ci ta ƙasa har ido ya huje. Mai lasisi yana da rini da yake ɗigawa ya haska shuɗiyar fitila, in akwai gyambo ya fito kore, sai ya san ba a sa wannan maganin. Mai kemis ba shi da fitilar, kuma ba aikinsa ba ne.

Na uku ne ko na huɗu yanzu? An miƙo mini takarda, minti biyar. To a gurguje. Mai haɗa tabarau dole ya auna tazarar ƙwayar idonka biyu, a manya yawanci wajen milimita 63 ce, ya sa tsakiyar gilashi daidai kan ƙwayar. Gilashi mai ƙarfin 4.00 in ya kauce da milimita biyar, idon yana ta jan kansa don ya haɗa hoto, sai ciwon kai da jiri, a ce tabarau bai karɓe ka ba. Mai suga kuma kada a yanka masa gilashi sai sugan ya daidaita, in ba haka ba ƙarfin zai sauya. Ƙorafi kuma, in kan mutum ne a rubuta wa ODORBN, in kan wuri ne a kai wa hukumar jiha, a riƙe rasit da takardar awo. Akwai tambaya? Baba na ga hannunka.

Baba yana tambaya, masu zuwa ƙauye suna cire yanar ido da allura, mutum ya ga haske nan take, su wa ya ba su lasisi? Babu wanda ya ba su, Baba, kuma ko likitan awon ido mai OD ba shi da izinin cire yana, aikin likitan tiyata ne. Su ba cirewa suke yi ba. Ƙwayar da ta yi fari, wato yanar, suke turawa ta faɗa cikin ido, haske ya shigo, amma babu abin da zai tattara shi, sai an sa gilashi mai kauri wajen +10.00 kafin a gane fuska. Ƙwayar kuma tana nan ciki tana tayar da kumburi, matsi ya hau, ga allurar da ba a dafa ba. Binciken nan da na ambata ya samu yawancin idanun da aka yi wa haka a makance suke. A asibiti cire ta ake yi gaba ɗaya a dasa ta roba da aka auna daidai idon, ido ɗaya a lokaci guda, mutum yana farke. Ana yi a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, da asibitin ido na ECWA a Kano, da asibitocin koyarwa. In wani naka ne, Baba, ko an riga an yi masa allurar a kai shi a auna matsin, kuma kada a bari a taɓa ɗaya idon. Ka jira ni bayan an tashi in rubuta maka abin da za ka faɗa musu.