Hoto Bai Nuna Karaya Ba, To Me Ya Sa Likita Ya Ɗaure Hannun?

Masu kallo, assalamu alaikum. Tambayar da za mu amsa yau ana yawan yin ta, kuma galibi cikin fushi. Mutum ya faɗi daga kan babur, ko santsi ya kwashe shi a banɗaki, ko an ture shi a filin ƙwallo, ya dafa ƙasa da tafin hannunsa. An kai shi asibiti, an yi hoton ƙashi, likita ya ɗaga hoton ya duba ya ce bai ga karaya ba, amma duk da haka ya sa an ɗaure hannun da filasta, ya ce a dawo bayan kwana goma zuwa mako biyu a sake wani hoton. Mara lafiya ya koma gida yana ƙunƙuni, 'yan dubiya kuma suka ƙara masa da cewa ai targaɗe ne, asibiti kuɗi kawai suke nema, a cire abin nan a je a ja hannun. Wannan mataki, wato ɗaure hannun da hoto ya ce lafiyarsa lau, shi ne wanda mutane da yawa ke ƙin bi, har su yi asarar tsintsiyar hannunsu ba tare da sun sani ba, kuma a kansa za mu daɗe.

Kafin nan, ga sauran matsalolin hannu da suka fi kai mutane wurin likitan ƙashi, a gurguje, domin hotunan da ke gabanku za su yi rabin bayanin.

Akwai mutuwar hannu da ke tashin mutum cikin dare, sai ya yi ta yarfe hannun kafin ya samu sauƙi. Ku lura da yatsun da aka shafa wa launi a wannan zane: babban yatsa, da manuniya, da na tsakiya, da rabin na kusa da ƙarami. Ƙaramin yatsa ba ya ciki, kuma wannan ita ce alamar da likita ke nema. Dalili shi ne wata jijiyar ji da ke bi ta wata ƙuntatacciyar hanya a tsintsiyar hannu tare da agara guda 9 masu lanƙwasa yatsu, idan wurin ya kumbura sai jijiyar ta matse. An fi ganin haka ga masu juna biyu da masu ciwon suga. Ana farawa da abin tallafe hannu da ake kwana da shi, sai allurar rage kumburi, idan kuma tsokar gindin babban yatsa ta fara motsewa sai a yi ƙaramar tiyata a buɗe hanyar. Akwai yatsan da ke maƙalewa idan an dunƙule hannu, sai an ja shi ya miƙe da ƙara, wanda shi ma allura ɗaya ko biyu kan warkar da shi. Akwai ciwon gefen babban yatsa da ke damun masu jego saboda yawan ɗaga jariri, wanda wani likita ɗan ƙasar Suwizalan, Fritz de Quervain, ya bayyana a 1895. Akwai kuma ƙullutun nan mai ruwa a ciki da ke fitowa a bayan tsintsiyar hannu, wanda a da Turawa kan maka masa littafi mai nauyi don ya fashe. Ba mu ba da wannan shawara ba, kuma da yawa daga cikin irin wannan ƙullutu kan baje da kansu.

Sai karayar da ba ta ɓuya, wadda kuke gani yanzu: hannun ya karkace daga sama da tsintsiya kaɗan, har wanda bai taɓa shiga ajin likita ba ya san an karye. An fi samun ta ga dattawa mata waɗanda ƙashinsu ya yi rauni. Wani likita na birnin Dublin, Abraham Colles, ya siffanta ta tun 1814, shekara 81 kafin a gano hoton ƙashi a 1895, da ido da hannu kawai. Ita wannan karaya ba ta buƙatar a lallashi kowa ya je asibiti, saboda haka mu bar ta a nan.

Yanzu ku ɗaga hannunku, ku miƙe babban yatsa sosai zuwa sama. A gindinsa, daidai inda ya haɗu da tsintsiyar hannu, za ku ga ɗan rami ya fito tsakanin agara biyu. Ku sa yatsan ɗaya hannun a cikin ramin ku danna a hankali. Abin da kuke taɓawa a ƙasa shi ne ƙashin da likitoci ke kira sikafoyid, ɗaya daga cikin ƙananan ƙasusuwa 8 da ke jere sahu biyu a tsintsiyar hannu. Tsawonsa kimanin santimita 3 ne kacal, amma shi ne ya haɗa sahun sama da na ƙasa, kuma a cikin takwas ɗin shi ya fi yawan karyewa, musamman ga samari masu jini a jika. Idan mutum ya faɗi a kan tafin hannu, tsintsiyar ta lanƙwashe baya, nauyin jiki duka kan sauka a tsakiyar wannan ƙashi.

Abin da ya sa ake raina wannan karaya shi ne ba ta yin kama da karaya. Kumburin kaɗan ne, hannun bai karkace ba, yatsu suna motsi, mutum na iya riƙe kofin shayi, har ma ya tuƙa babur ɗinsa zuwa gida. Zafin kan ragu bayan 'yan kwanaki, wanda ke ƙara tabbatar wa mai shi cewa targaɗe ne. Shi kuwa likita abu uku yake gwadawa: ya danna cikin ramin nan, ya danna wani ɗan tudu a gindin tafin hannu ta ɓangaren babban yatsa, sannan ya kama babban yatsan ya tura shi ciki zuwa tsintsiya. Idan mara lafiya ya zabura a waɗannan wurare, to likita zai ɗauka akwai karaya har sai an tabbatar babu, ko da kuwa hoton ya fito tsaf.

To me ya sa hoton farko ba ya nunawa? Ku dubi hotuna biyun nan, na hannu ɗaya ne. A na dama, wanda aka ɗauka ranar faɗuwa, ƙashin kamar babu abin da ya same shi. A na hagu, bayan mako biyu, ga wani baƙin layi siriri ya ratsa tsakiya. Sikafoyid ƙashi ne mai murɗiya, yana kwance a karkace, wasu ƙasusuwa kuma sun hau kansa a hoto, saboda haka tsagar da ba ta goce ba tana iya ɓacewa ko da an ɗauki hoton ta fuskoki huɗu. A kwanakin da ke biyo baya jiki yakan fara cinye matattun gefunan karayar domin ya share fagen sabon ƙashi, sai tsagar ta ɗan buɗe, ta fito fili. Kwana goma zuwa sha huɗun da likita ya ce a jira ke nan. Inda akwai na'urar MRI, wadda hotonta ke nuna abin da hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nunawa, ana iya gano gaskiya cikin kwana ɗaya ko biyu ba sai an jira ba, amma na'urar ba a kowane gari take ba, kuma kuɗinta ya ninka na hoto na yau da kullum sau da yawa. Ga mafi yawan mutanenmu, filasta da hoto na biyu su ne hanyar da ta fi sauƙi.

Gaskiya ita ce mafi yawan waɗanda aka ɗaure wa hannu bisa zato, idan an sake hoto za a tarar ba su karye ba, a cire filastar su tafi. A nan ne wasu ke cewa, ka gani, dama na faɗa. Ni a ganina wannan ciniki ne mai riba: mako biyu na rashin jin daɗin wanka da alwala, a madadin abin da zan nuna muku yanzu.

Yawancin ƙasusuwan jiki jini na shigar su ta wurare da dama. Sikafoyid ba haka yake ba, domin kusan kashi 80 cikin ɗari na jikinsa guringuntsi ne ya lulluɓe shi, kuma jijiyar jini ba ta ratsa guringuntsi. Ku bi jan layin nan da ido. Jinin yana gangarowa daga dantse, ya wuce ƙashin, ya shige shi ta ɓangaren da ke kusa da yatsu, sannan ya juyo baya ta cikin ƙashin zuwa ɓangaren da ke kusa da dantse. Kamar lambu ne da ake ba ruwa ta magudana ɗaya: idan ta yanke a tsakiya, fangalin ƙarshe shi ne zai bushe. Karayar da ta ratsa tsakiyar sikafoyid tana iya yanke hanyar jinin, kuma duk yadda karayar ta matsa kusa da dantse, haka haɗarin yake ƙaruwa. Gutsuren da ya rasa jini yana iya mutuwa a cikin hannu, mai hannun yana ta harkokinsa. Ko bai mutu ba, idan ana motsa tsintsiyar kullum, gefunan biyu ba za su samu natsuwar haɗewa ba, sai su yi ta gugar juna har su yi sumul, su zauna a matsayin ƙashi biyu.

Sakamakon ba ya zuwa da wuri, kuma shi ya sa ba a danganta shi da faɗuwar. Bayan shekara biyar, ko goma, ko fiye, sai mutum ya ga ba ya iya dafa ƙasa da hannun idan zai tashi daga sujada, ko riƙon guduma ya gagare shi, ko matse birkin babur ya zama azaba. A lokacin guringuntsin gaɓar ya riga ya cinye, amosanin gaɓa ya kama matashi ɗan shekara talatin da 'yan kai. Maganin da ya rage shi ne tiyata babba, ko a cire wasu ƙasusuwan, ko a manne su wuri ɗaya, wanda ke rage zafi amma ya tafi da wani ɓangare na motsin hannun har abada.

Dole mu taɓo maganar masu ɗori, domin can ne mafi yawan mutane ke fara zuwa, kuma ba don wauta ba: suna kusa, suna da sauƙin kuɗi, iyaye da kakanni sun san su. Matsalar ita ce wannan karaya ba a jin ta da hannu, kuma abin da aka saba yi wa targaɗe, wato ja da murzawa, shi ne daidai abin da zai iya gocar da tsagar da take zaune a wurinta. Tsagar da ba ta goce ba tana haɗewa da filasta kawai a mafi yawan lokuta, amma da zarar ta goce fiye da milimita 1, magana ta koma ta tiyata. Akwai kuma haɗarin ɗauri da kara da ya matse ƙwarai, wanda ke hana jini zagayawa har tsokar dantse ta mutu, yatsu su ƙanƙame. Likitocin Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano, wanda ke aiki tun 1959, sun san wannan matsala sarai. Filastar asibiti ma tana iya matsewa idan hannu ya ƙara kumbura a cikinta, saboda haka duk wanda ya ga yatsunsa sun yi sanyi, ko sun canza launi, ko sun mutu, ko zafin yana ƙaruwa maimakon raguwa, ya koma asibiti a wannan sa'ar, ko tsakar dare ne.

Idan hoto na biyu ya tabbatar da karaya kuma ba ta goce ba, za a bar hannun cikin filasta tsawon mako 6 zuwa 12, gwargwadon inda karayar take, kuma wadda ke kusa da dantse ta fi jinkiri. Ba raguwar zafi ce ke nuna lokacin cirewa ba, hoto ne ke nunawa, wani lokaci har sai an yi hoton CT, mai nuna ƙashi dalla-dalla. Masu shan sigari su sani cewa taba tana ƙuntata ƙananan jijiyoyin jini, kuma ƙashin da dama jininsa bai wadata ba shi ya fi cutuwa da ita.

Idan karayar ta goce, ko tana can kusa da dantse, likita zai saka wannan ƙaramar ƙusa mai murɗi da kuke gani, wadda ba ta da kai, ana nutsar da ita gaba ɗaya cikin ƙashin ta matse gutsuren biyu, kuma galibi ba a sake ciro ta. Wani likita mai suna Timothy Herbert ne ya fito da irinta a Ostireliya, aka wallafa sakamakonta a 1984. Wanda kuma ya zo a makare, bayan watanni, ƙashin ya ƙi haɗewa amma gaɓar ba ta lalace ba tukuna, ana iya ɗebo ɗan ƙashi daga ƙugunsa ko daga dantsensa a cike gurbin, sannan a sa ƙusar. Saboda haka wanda ya faɗi bara, kuma har yanzu ramin nan na gindin babban yatsa yana masa zafi idan ya danna, yana da dalilin zuwa a yi masa hoto.

Ranar da aka cire filasta hannun zai fito a rame, fatar ta yi furu-furu, tsintsiyar ta sandare, kuma wannan ba alamar an yi kuskure ba ne. Likitan gashi da motsa jiki zai nuna atisayen da kuke gani yanzu: lanƙwasawa sama da ƙasa, juya tafin hannu, matsa ƙwallo mai laushi. Ɗaukar kaya masu nauyi, da aikin gini, da komawa kan babur, sai likitan ƙashi ya duba hoton ƙarshe ya ba da izini, wanda kan ɗauki wasu makonni bayan an cire filastar.