Cibiyar Jariri a Ɗakin Gwaji: Makonnin da Ba a Nuna Muku

Jama'a, assalamu alaikum. Tambaya ɗaya kuka yi ta turo mana: wai da gaske ne ana yanke cibiyar jariri da safe, a yi wa dattijo allurarta da yamma, gwiwarsa ta warke? A'a. Tsakanin yankan nan da allurar akwai makonni na aiki, kuma a cikinsu ake gane maganin kirki da na banza.

Ga igiyar cibiya nan. A gidajenmu, ungozoma na yanke ta sai a haɗa da mabiyiya a binne. Tsawonta kamar santimita 50 zuwa 60. Ku dubi bakin yankan: hanyoyin jini uku, kewaye da wani farin abu mai yauƙi. Wani likitan Ingila, Thomas Wharton, shi ya bayyana shi a 1656, har yau da sunansa ake kiransa.

Kada ku haɗa shi da jinin cibiya. Jinin na ɗauke da ƙwayoyin da ke ƙera sabon jini, su aka fara dasa wa wani yaro a Paris a 1988, kuma ana amfani da su har ga wasu masu sikila. Ƙwayoyin halittar da muke magana a kansu yau, waɗanda masana ke kira mesenchymal stem cells, suna cikin yauƙin ne.

Da izinin uwa, bayan an gwada jininta, a wanke igiyar, a zare hanyoyin jinin, a yayyanka ƙanana. A zuba a wannan kwalbar roba, a sa ruwan abinci, ruwan hodar nan da kuke gani. Sai cikin injin ɗumi, mai kama da na ƙyanƙyasar ƙwai, a zafin digiri 37 kamar jikin mutum. Duk kwana biyu ko uku a canja ruwa.

Mako ɗaya, wani lokaci biyu, shiru. Sannan ku duba ta madubin nan mai ƙara girman abu. Kun ga sirara-siraran nan da ke rarrafowa daga gefen naman suna manne wa roba? Su ne. Ni dai duk lokacin da na ga wannan hoton sai na ce Allah mai iko.

To, a nan nake so mu zauna.

Mai noman albasa ya san idan iri ya cushe a fage dole a cire a dasa, in ba haka ba ya lalace. Haka su ma. Da sun rufe kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na gindin kwalba, sai a zuba wani sinadari mai suna tirifsin ya saki mannewarsu, a ƙirga, a rarraba cikin sababbin kwalabe. Wannan dashe na farko ke nan. Su cika, a sake, na biyu. Me ya sa ake wannan wahala? Saboda sau da yawa ana bai wa majinyaci ƙwaya miliyan 1 zuwa 2 ga kowane kilo na nauyinsa. Mai kilo 60 zai iya buƙatar miliyan 120 a zama ɗaya.

Sai mutum ya ce, to a yi ta dashe mana, cibiya ɗaya ta ishi gari guda. Kuskuren ke nan. Ƙwayar halitta tana tsufa. Tun 1961 Leonard Hayflick ya nuna cewa ƙwayoyin ɗan Adam a kwalba suna rabuwa kamar sau 50 ne su tsaya. Kowace rabuwa tana cin ƙarshen zaren gadon da ke cikinsu, kamar yadda bakin rijiya ke cin igiyar guga. Ku kwatanta hotunan nan biyu. Na dama, na farkon dashe, sirara ne, suna saurin haihuwa. Na hagu, da suka tsufa, sun baje, sun yi faɗi, sun yi nauyin jiki. A ido ruwan kwalaben iri ɗaya ne, a sirinji ma haka. Shi ya sa ɗakunan gwaji da yawa ba sa son wuce dashe na 5 ko na 6 ga abin da za a sa wa mutum.

Kuma kowane buɗe kwalba ƙofa ce ga ƙwayar cuta, domin abincin nan ita ma tana sonsa. A 2018 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ba da rahoton mutum 12 da aka kwantar a asibiti bayan an yi musu allurar kayan jinin cibiya da suka gurɓata. Mutane ne da suka je neman sauƙin ciwo, abin tausayi.

Sauran a gurguje. A gwada tsafta, a tabbatar da alamomin da ƙungiyar masana ta duniya ta gindaya a 2006, ciki har da iya zama ƙashi, kitse da guringuntsi a kwalba. A daskarar a digiri 196 ƙasa da sifili.

Amma a kwalba na ce. Idan aka sa su ta jijiya, yawancinsu a huhu suke maƙalewa, cikin kwanaki su gushe. Abin da masana suka fi rinjaya a kai shi ne suna fitar da sinadaran da ke lafar da kumburi, su taya jiki gyara kansa. Arnold Caplan, wanda ya raɗa musu suna a 1991, da kansa ya nemi a canja sunan a 2017 saboda wannan.

Akwai nasara ta gaske. Koriya ta Kudu ta amince da wani magani mai suna Cartistem a 2012 don guringuntsin gwiwa, irin waɗannan ƙwayoyin ne amma daga jinin cibiya aka samo su, kuma tiyata ake yi a sa shi. Wannan ciwo ɗaya ne, bayan shekaru na gwaji. Don haka duk wanda ya ce muku allura ɗaya tana maganin suga da shanyewar ɓarin jiki da tsufa, ku tambaye shi: a wane ɗakin gwaji aka raine su, dashe na nawa ne, kuma wace hukuma ce ta amince a yi amfani da su ga wannan ciwon?